Abin da Mai Talla Ya Faɗa a Ƙarƙashin Baranda

Saƙon editar mujallar ya same ni a cikin bas, wata Talata da hantsi, muna tsaye cik a cunkoson unguwar Plumstead ta Landan. Wata bakwai ina jiran sa. Layin farko godiya ce, na biyu ya fara da "sai dai", daga nan na san inda aka dosa. Ba su ƙi maƙalar tawa gaba ɗaya ba, amma sun ce a gyara a sake turowa. A ƙasa an liƙa ra'ayin mutum biyu da suka tantance ta, waɗanda a al'adar wannan aiki ba a gaya maka sunansu, su ma ba a gaya musu naka. Na farkon ya yaba, ya ce in ƙara duba wasu littattafai. Na biyun bai rufa mini ba. Ya ce mai wannan rubutu ya san Italiyancin littafi, amma da alama kunnensa bai taɓa zama a Napoli ba, kuma ba za a kafa hujja a kan maganar da ba a ji daidai ba.

Na wuce inda zan sauka da tasha biyu kafin na farga.

Lokacin shekarata uku a Landan. Maigidana likita ne, aikinsa ya kawo mu, ni kuma na samu gurbin bincike a sashen harsunan Turai na wata jami'a. Faransanci na karanta a gida, Italiyanci daga baya na ɗauke shi, a shekara biyun da na yi a wani ƙaramin gari na tsakiyar Italiya. Bincikena a kan ƙananan finafinan da aka riƙa yi a Napoli ne, a zamanin da mutanen Afirka ta Yamma suka fara sauka can neman aiki. Finafinai ne masu arha, na kuka da waƙa, irin waɗanda tashoshin talabijin na unguwa ke maimaitawa da rana. So nake in ga yadda aka nuna baƙar fata a cikinsu. In na yi wa 'yan uwa a Kano bayani sai su ce, "Italiya kuma? Su ma suna fim?" Mahaifiyata kuwa har yau abin da take gaya wa ƙawayenta shi ne ina koya wa Turawa kallo.

Maƙalar a kan fim guda ce, a cikinsa ma a kan fitowa guda da ba ta cika minti biyu ba. Wani baƙin mutum dogo, mai tallan safa da tawul, yana tsaye a lungu. Wata mata a hawa na uku ta leƙo daga baranda ta kira shi, ta zuro masa kwando da igiya. Ya sa mata kayan a ciki, ya ɗaga kai ya yi magana, ta janye kwandonta. Iyakar abin ke nan. Ni kuma na cika shafi ashirin ina bayanin cewa matar ba ta son saukowa ne, ba ta son hannunta ya taɓa nasa, shi ya sa ta sa igiya tsakaninsu. Kalmar da ta kira shi da ita, wadda ke nufin yaro, na ce daidai take da "boyi" da Turawan mulki ke kiran dattijo da shi. Ba ƙaramin ji da wannan bayani nake ba.

Sati biyu ban ko buɗe maƙalar ba. Ranar wata Asabar na je shagon mai nama, na shiga layi bayan wata dattijuwa gajera, mai jiki, da mayafi ruwan toka da sanda rataye a hannu. Waya ce a kunnenta, tana zuba faɗa, hannun da ke riƙe da sandar yana ta aiki a iska. Sai da na ɗan saurara na gane harshen finafinaina ne take yi, irin na Napoli tsantsa, mai haɗiye ƙarshen kalma, da gudun da ko rabinsa ban kama ba. Ta kashe wayar ta yi tsaki, ta ce da Hausa, ba da kowa ba, "Wannan ɗa nawa sai ya ga bayana hankalinsa zai kwanta."

Ban san lokacin da na ce, "Sannu Mama, ina wuni?" ba.

Ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. "Lafiya lau. Kai ɗan ina ne?"

Hausar zangon Ghana ce a bakinta, wadda ba ruwanta da "ke". Mace da namiji duk "kai" ne. Zan rubuta maganarta yadda kunnena na Kano ya daidaita ta, amma "kai" ɗin nan da take kira na da shi ba zan taɓa shi ba.

Kafin mai nama ya gama sara mata wutsiyar sa na san rabin tarihinta. A zangon Kumasi aka haife ta. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya a Napoli tana kula da wata tsohuwa, can ta haifi 'ya'yanta uku, da suka samu takardu suka taso Landan ita ma ta biyo su. Yanzu tana zaune da 'yarta, ma'aikaciyar jinya, a Abbey Wood. Na tambaye ta me ya sa take yi wa ɗanta faɗa da harshen Napoli. Ta ce, "Hausa ta addu'a ce da nasiha, Turanci na ofishin council ne. Faɗa kuwa, babu harshen da ya kai wannan."

Na gaya mata aikina da abin da ya same ni. Ta kalle ni kamar wadda aka ce wa akwai masu albashi a kan shan iska. Sannan ta ce, "Ka zo Asabar bayan azahar. Ka zo da fim ɗin, kar ka zo da komai bayan shi."

Flat ɗinsu a hawa na biyu yake, tagar falo tana kallon layin dogo. Na tarar ta dafa wake da shinkafa irin nasu, mai ja, da baƙin yaji a gefe. Bayan mun ci ta ɗora wata 'yar butar ƙarfe mai tsukakken ƙugu a wuta, ta zuba mana gahawa a kofuna ƙanana kamar na wasan yara. Ta ce tsohuwarta ta Napoli, wadda ta yi wa aiki, ita ta koya mata, kuma duk Landan ba ta ga wanda ya iya ba. Na buɗe kwamfuta a kan teburin, na kunna mata fitowar, sannan na karanta mata abin da na rubuta ina fassarawa.

Ban kai rabi ba ta fara dariya. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na tashi na kawo mata ruwa.

"'Yata, wannan ai kwando ne," in ji ta tana share ido. "Kowa da kwandonsa. Ni kaina sau nawa na zura shi? Tsohuwata a hawa na huɗu take, gidan babu lif. Mai burodi ya zo, kwando. Mai kifi, kwando. Ɗanta na cikinta in ya manta mabuɗi, a kwando muke sauke masa. Wa zai sauka hawa huɗu saboda safa?"

"To kalmar da ta kira shi da ita fa?"

"Haka ake kiran duk wanda bai yi furfura ba. Likita ma in a gabanka ya girma, haka za ka kira shi, ya amsa."

Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum gardama. Na ce, "Amma Mama, ke ba ki ga raini a nan ba?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Raini akwai shi. Na sha har na ƙoshi. Amma ba a kwando yake ba. Mayar baya." Na mayar. Da mutumin ya ɗaga kai ya fara magana ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Ka ji yadda suka sa shi magana? Ni sayar, kai saya, ni talaka. Kamar jariri. Wa ya taɓa magana haka? Mu wata shida muke yi mu fara ciniki da su, a shekara har zagi muna ramawa daidai."

Na san yadda ake yin finafinan nan. Ba a ɗaukar sauti a wurin da ake ɗaukar hoto. Sai an gama, a shiga ɗaki, wasu mutane daban su ɗora murya a kan bakin 'yan wasan. Na karanta wannan, na ma koyar da shi ga ɗalibai. Amma ban taɓa tsayawa na ce, to muryar da nake ji ba tasa ba ce, shi me ya faɗa ba.

Daga ranar Asabar ta zama tamu. Ina zuwa da wasu finafinan, muna kallo, ina tsayarwa tana fassara mini, ina rubutawa. Rabin lokacin ba fassara take ba, labari take. Ta ga wani lungu ta ce nan ne take sayen kifi. Ta ji wata waƙa ta ce tsohuwarta na kuka duk aka sa ta. Tsohuwar nan ba ta taɓa barin bakinta ba. Ta ce watan farko matar ware mata kofi da cokali ta yi, ta ɗaura musu zare don kar su haɗu da nata. Shekara goma bayan haka ba ta cin abinci sai Mama ce ta ba ta a baki, kuma in azumi ya zo ita ke leƙa taga ta ce mata rana ta faɗi. "Mutum ba abu guda ba ne," in ji Mama. "Kai kuma a takardarka kana so ya zama abu guda."

Asabar ta huɗu na tarar 'yarta ta dawo daga aiki tana barci a ɗaki, Mama ta ce mu kashe sautin gaba ɗaya. Na koma kan fitowar kwandon don in ƙirga yadda aka yanka hoton. Mutumin ya miƙa hannu ya kama kwando, babu murya, babu kiɗa. Sai Mama ta riƙe mini hannu.

"Tsaya. Mayar."

Na mayar. Ta ɗauko tabaranta ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Sake."

Sau biyar muna maimaitawa. Sannan ta jingina da kujera ta ce a hankali, "Wannan mutumin namu ne. Bismillahi ya yi da zai kama kwandon. Dubi bakinsa."

Na rage gudun hoton. Laɓɓansa suka haɗu suka rabu, suka sake haɗuwa. Zai iya zama Bismillahi. Da ya ɗaga kai kuma bakin ya rufe ya ɗan jima kafin ya buɗe, har sau biyu. Mama ta ce "Mma" yake cewa, yadda suke kiran uwa a zango. Na so in yarda nan take, amma aikina ya koya mini tsoron abin da raina ke so. Na riga na ƙone sau ɗaya. Na ce, "Mama, ko da haka ne, babu mujallar da za ta karɓi cewa mun karanta bakinsa. Za su ce ina shaida."

Ta ce, "To a nemo shi mana," kamar mutumin yana wani shago ne a Old Kent Road.

Na gaya mata sunansa ba ya cikin jerin sunayen da ke ƙarshen fim ɗin. Na taɓa rubuta wa ma'ajiyar da na samo fim ɗin, suka ce kamfanin ya daɗe da rushewa, takardunsa ba a san inda suke ba. Fim ɗin ma ya girmi 'yarta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in ɗaukar mata hoton fuskarsa in tura mata a waya.

Abin da ta yi da hoton sai daga baya na riƙa ji gutsi-gutsi. Ta tura wa wata ƙawarta a Napoli mai girkin suna da biki, wadda babu gidan ɗan Ghana da ba ta shiga ba. Ita kuma ta nuna wa wani liman a garin masu aikin gonar tumatir. Liman ya ce fuskar ba baƙuwa ba ce, amma a tambayi wani tsohon direba da ya koma arewacin ƙasar. Haka hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Ni kuma wa'adin da edita ta ba ni yana ƙaratowa. Na rubuta mata na ce na gano kuskurena, na kuma hango wani abu da ban tabbatar ba tukuna, ko za ta ƙara mini lokaci. Amsarta layi biyu ce: ta ƙara mini wata uku, ta ce gara a jira abin da ya nuna.

Wata Laraba ina ɗakin karatu waya ta yi ta motsi a jakata. Mama ba ta kira na a ranakun aiki. Na fita baranda da gudu ina tsoron ko faɗuwa ta yi.

"An same shi," ta ce, ko sallama babu. "Yana da rai. Yana Kumasi. Idonsa ya yi rauni amma bakinsa lafiya lau. Ka zo yanzu."

Akwai taron sashe da yamma, na aika na ce ba zan samu zuwa ba, na kama jirgi zuwa Abbey Wood. Na tarar da ita zaune a bakin kujera da waya a cinya, ba ta ko cire hijabin salla ba. Ta ce saƙon murya ya turo, ita ma ba ta saurara ba, jira na take.

Murya ce ta tsoho, mai kauri, ana jin kaji da rediyo a bayansa. Ya yi doguwar gaisuwa, ya gaida Mama da 'ya'yanta da malamar da ke neman sa. Sannan ya ce shi bai taɓa talla ba, tela ne. Yana tsaye a bakin shagon da yake ɗinki mutanen fim suka zo suna neman baƙin mutum dogo, aikin yini guda. Suka rataya masa safa da tawul.

"Mai fim ɗin ya ce mini, in kwando ya sauko ka ɗaga kai ka faɗi ko mene ne, ko ƙirga ka yi, mu za mu sa murya daga baya. Na ce a raina, me zan ƙirga? Na ɗaga kai na ga mace a sama, ta ɗan manyanta, tana leƙo ni. Sai kawai na gaida mahaifiyata. Na ce, Mma, sannu da gida. Mma, ina nan lafiya, kar hankalinki ya tashi. Sau uku aka ɗauka, sau uku ina gaishe ta."

Saƙon ya ƙare. Jirgi ya wuce a ƙarƙashin taga. Mama ta sa gefen hijabi ta rufe fuska, na matsa kusa da ita na riƙe kafaɗarta, muka zauna haka. Da ta samu magana sai ta ce a wancan zamanin ba waya, kaset suke cikawa da magana su ba matafiyi ya kai gida. Ita ma kullum abin da take fara gaya wa uwarta ke nan, ina nan lafiya, ko da a ranar ba ta ci komai ba sai busasshen burodi.

Ashe Baba, haka na riƙa kiran sa daga nan, bai taɓa ganin fim ɗin ba. Muka tura masa fitowar, jikarsa ta kara masa waya kusa da ido. Saƙon da ya biyo baya rabinsa dariya ce. Ya ce tsayin nasa ne, hular ma tasa ce, amma muryar nan ta wane ne, kamar an taka agwagwa?

Na zauna na sake maƙalar daga tushe. A cikin shafi ashirin na farko uku kawai suka tsira. Na rubuta abin da na fara zato da yadda aka gyara mini, ban ɓoye ba, ko da yake wata abokiyar aikina ta ce ba a saba mutum ya tona kansa haka a mujalla ba. Sauran duk a kan murya biyu ne, wadda aka ɗora masa da wadda aka cire. Dokar jami'a ta ce duk wanda za a yi amfani da maganarsa sai ya amince a rubuce. Na fassara takardar zuwa Hausa, muka kira shi, na karanta masa sannu a hankali, Mama na gyara mini inda Hausar Kano ta yi masa nauyi. Da na zo inda ake tambaya ko yana so a sakaya sunansa, ya katse ni.

"A sa sunana. Wancan karon ba su sa ba."

Da Mama kuwa sai da muka kai ruwa rana. Na ce sunanta zai fito tare da nawa a saman maƙalar, tunda idonta ne ya gani, ƙafarta ce ta nemo. Ta ce ita ba ta rubuta ko harafi ba, ba za ta ci haƙƙin alƙalami ba. Na kawo hujja, ta kawo wadda ta fi ta. A ƙarshe ta yarda in gode mata a shafin farko, in kuma faɗi a cikin rubutun cewa ita ce ta fara ganewa, da sharaɗin in sa mata Hajiyarta, don ba a banza ta je ba.

Na tura. Bayan wata biyu amsa ta zo, ni da Mama muka buɗe ta tare. Mai tantancewa na biyu, wanda ya hana ni barci a baya, ya nemi gyara biyu ƙanana, ya ce a buga. A ƙarshen bayaninsa ya ƙara layi guda da ba na aiki ba: ya ce kakarsa ma tana da irin kwandon nan, shuɗi ne. Mama ta ce, "Ka gani? Ɗan gida ne. Shi ya sa abin ya yi masa zafi."

Wahala ta ƙarshe a wajen masu ɗab'i ta fito. Da suka turo shafukan in duba kafin a buga, na ga duk inda na kawo maganar Baba da Hausa, haruffanmu masu lanƙwasa sun zama ƙananan akwatuna. Na gyara na mayar, suka dawo da su an miƙar da lanƙwasar, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. Sau uku muna haka. Na rubuta wa edita na ce mutumin nan an taɓa canza masa magana sau ɗaya, ba zan sa hannu a yi masa na biyu ba. Ita da kanta ta bi su har aka samo haruffan.

Mujallar ta fito da bazara. Aka aiko mini da guda biyu. Na kai wa Mama ɗaya, ta juya ta gaba da baya, ta nemo sunanta da yatsa, ta ce ƙanana suka yi shi amma ba laifi. Ɗayar ta naɗe ta a leda biyu ta kai wa wata mata da za ta tafi Kumasi, aka cusa ta a akwati tsakanin takalma da maganin ciwon gwiwa.

Sati uku bayan haka, ranar Asabar, saƙon Baba ya shigo muna tsakiyar cin abinci. Ya ce takarda ta iso. Jikarsa ta karanta masa ita duka, tana juya masa Turancin, kwana biyu suna yi. Ya ce ya ji sunansa sau goma sha ɗaya, ya ƙirga. Ya sa mana albarka mai tsawo. Har na zaci saƙon ya ƙare, sai ya ci gaba.

"Wuri ɗaya ne malama ta rubuta ba daidai ba, amma ba laifinta ba ne, ni ne ban faɗa ba. Ta ce na aika wa mahaifiyata gaisuwa tana gida tana jira na. A lokacin ta riga ta rasu. Kwana huɗu kafin fim ɗin wasiƙa ta same ni, an yi wata guda da binne ta. Ba ni da takardar fita in dawo, ban je ba. Ban gaya wa kowa a shagon ba. To da na ɗaga kai na ga matar nan, shi ne abin ya fito."

Na ajiye cokali. Mama ta yi salati a hankali, ta yi wa mahaifiyarsa addu'a, na amsa da amin.

Kuskure a rubutun da aka buga ba a barin sa, wannan ita ce ƙa'idar da na sani. Ana rubuta wa edita, a liƙa gyara. Da muka kira shi bayan la'asar na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekaru masu yawa, ya karɓa kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan na gaya masa zan sa a gyara wurin.

Ya ce, "A'a, 'yata. Ka bar shi yadda yake. A takardar nan tana zaune a gida, gaisuwata tana kan hanya. Ka bar mini ita haka."

Na dubi Mama. Ta girgiza mini kai alamar kar in ja.

Ranar Litinin na rubuta wa edita na gaya mata komai, har da roƙonsa. Ta ɗauki kwana biyu kafin ta amsa. Ta ce hujjar maƙalar ba ta dogara da wannan layi ba, kuma labarin nasa ne kafin ya zama namu, don haka za ta ajiye wasiƙata a fayil, ta bar shafin yadda yake. Na buga amsar na kai wa Mama na fassara mata. Ta ce matar tana da tarbiyya, in tambaye ta ko tana cin yaji, a aika mata da kwalba guda.